Ruwan Da Ya Dawo Ba Shi Ne Ya Tafi Ba: Martani Daga Galma

Malam, na karanta rubutunka har sau biyu, kuma zan fara da faɗin abin da na fahimta, don kada in ɗora maka maganar da ba taka ba. Ka ce duniya dama juyi take yi tun fil azal, ta yi sanyi ta yi zafi, ta jiƙe ta bushe, tun babu mota babu masana'anta. Ka ce Sahara ta taɓa zama fadama. Ka ce kakanninmu sun sha fari ba su shaƙi hayaƙin kowa ba. Har ƙasarmu ta Adar ka kawo misali: a shekarun 1970 da 1980 an yi mata ta'aziyya, an ce hamada ta cinye ta, ga shi yau ruwa ya dawo, itace ya tsiro. Daga nan ka yanke hukunci cewa ko da ɗan adam yana da hannu a ɗumamar duniya, hannun bai taka kara ya karya ba, surutu ne na manyan taruka da masu neman kuɗin furoje.

Ni ɗan Galma ne, a gundumar Madawa, cikin jihar Tawa. Shaidun da ka kira duk na san su, wasu ma a gidanmu suka kwana. Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Hukuncin da ka gina a kansu ne ban yarda da shi ba, kuma da shaidun naka zan yi maka gardama.

Sahara ta yi kore, gaskiya ne, kuma hujjar tana cikin ƙasarmu. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da magabata suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau akuya ma sai ta sha wuya. A Gobero, cikin Tenere, masu bincike sun ci karo a shekarar 2000 da maƙabartar mutanen da suka rayu a bakin tafki, tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. Amma ka tsaya a rabin labarin. Masanan da suka ba ka wannan labari sun faɗi dalilinsa. Duniya tana layi a kan gindinta kamar katantanwar yara idan ta kusa tsayawa, kuma layin yakan ɗauki kusan shekara 21,000 kafin ya zagayo. Wajen shekara 10,000 da suka wuce, wannan layi ya sa ranar bazara ta fi ƙarfi a arewacin Afirka, ta jawo iskar damina har cikin hamada. Da layin ya karkata, ruwan ya janye. Agogo ne da hannunsa ke tafiya da dubban shekaru, an san lissafinsa tun zamanin Milankovitch, masanin ƙasar Sabiya, kuma an san inda hannun yake a yau. Da shi kaɗai ke aiki, da duniya tana hucewa ne sannu a hankali. Sai ga shi cikin shekara 150 kacal zafinta ya ƙaru, har hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta ɗara zamanin da babu masana'antu da kusan digiri ɗaya da rabi. Zagayen da ka kira shaida ya nuna gabas, mu kuwa muna ganin ana tafiya yamma. Ai dole a tambayi wa ke jan akalar.

An tambaya, kuma an auna. A ƙanƙarar Antatika akwai kumfar iska da ta maƙale tun shekara 800,000. Duk hawa da saukar da duniya ta yi a tsawon nan, iskar kabon ba ta wuce tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan ba. Kafin masana'antu tana wajen 280. Da aka fara auna ta kullum a tsibirin Hawai a 1958 tana 315. Yau ta haura 420. Duwatsu masu aman wuta, da wasu ke ɗora wa laifi, abin da suke fitarwa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da mutane ke fitarwa ba, domin kwal da fetur da gas da ake ƙonawa suna zuba wajen tan biliyan 37 a sama kowace shekara. Rana kuma taurarin ɗan adam suna auna ƙarfinta tun 1978, ba ta ƙara wuta ba. Da ita ce, da sararin sama duka ya ɗumama. Abin da aka gani shi ne ƙasa na zafi, can ƙololuwar sama na sanyi, alamar an lulluɓe tukunya ne, ba a ƙara mata itace ba.

Batun kuɗin furoje kuwa, Malam, ka duba shekaru. Wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa yadda ƙaruwar wannan iska za ta ɗumama duniya tun 1896, shekara uku kafin ayarin sojan Faransa na Voulet ya ƙone Birnin Ƙonni. A lokacin babu Majalisar Ɗinkin Duniya, babu ƙasar da ake kira Nijar.

Bari in sauko gida, inda na fi ƙarfi. Duk mai garkar albasa a kwarin Tarka ya san rijiya tana hawa tana sauka. Bayan damina ruwa na kusa, da bazara ya yi nisa, shekarar ruwa ya taso, shekarar fari ya nutse. Haka kakanni suka same ta. Sai injinan ban ruwa suka shigo, garka ta bi garka, kowa ya kafa tiyo. Yanzu ka je ka ce wa manomi, tunda rijiya dama hawa da sauka take yi, injinan nan ba su da wani tasiri. Zai dube ka ne kawai, don shi ya san sau nawa ya ƙara tsawon tiyo, ya san wanda ya haƙa rami ya sauke injinsa ƙasa don ya cim ma ruwa. Hawa da saukar suna nan ba su fasa ba, amma inda ake hawa daga shi da inda ake sauka zuwa gare shi duk sun gusa. Abu biyu ne suke aiki a rijiya ɗaya, kuma kasancewar na farko bai kore na biyu ba. Kuskuren rubutunka ke nan tun daga tushe: ka tabbatar akwai zagaye, sai ka ɗauka ka tabbatar babu wani abu sai shi.

Ka ambaci fari. Mu nan da yunwa muke ƙidayar shekaru. Kakata ba ta san shekarar haihuwar kowa da lamba ba, sai dai ta ce wane kafin yunwa kaza, wance bayan yunwa kaza. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973, wadda ta ƙarar da garken Buzaye da Fulani, ta kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Sun ga ta 1984, da mutane suka sa wa suna El Buhari saboda gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Mu kuma mun ga 2005. Kakalaba ba hayaƙin kowa ya kawo ta ba, na yarda. Amma farin shekarun 1970 da 1980 da ka kafa shaida, labarinsa ya fi haka tsawo, kuma ya kamata kowane ɗan Sahel ya san shi.

Da farko mu aka ɗora wa laifi. A 1975 wani masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, sai ta rage jawo hadari. Shekara da shekaru ana nuna makiyayi da mai saran itace da yatsa, ana cewa su suka kori ruwansu. Sai a 1986 masana a Ingila suka nuna farin Sahel yana bin zafin ruwan teku ne, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙara tabbatar da haka: tekun kudu da na Indiya sun ɗumama, arewacin Atlantika ya yi sanyi, sai layin damina ya ja baya zuwa kudu. Me ya sanyaya arewacin Atlantika? Wani kaso juyin teku ne na asali. Wani kaso kuma, kamar yadda bincike da dama suka nuna, hayaƙin farar wuta ne daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ya yi wa tekun inuwa. Masana suna muhawara a kan girman kowane kaso, amma hannun ɗan adam yana cikin lissafin. Wato bututun da ke tuƙa hayaƙi a ƙasar da makiyayin Azawak bai taɓa jin sunanta ba, yana da rabo a mutuwar shanunsa, sannan aka juyo aka ce laifinsa ne. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, kuma shi ya sa ba na iya karanta irin rubutunka in yi shiru.

Ka ce ruwa ya dawo. Ya dawo, alhamdulillahi, tun wajen shekarun 1990. Amma tambayi mai gona ko shi ne wanda ya tafi. Ma'aikaci yana duba jimillar da ma'aunin ruwa ya tara a ƙarshen damina, ya ce shekara ta yi kyau. Manomi yana duba yadda aka raba shi. A yi ruwan shuka, a shuka, sai sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone, a sake neman iri. Sannan a dare ɗaya a zubo ruwan wata guda. Mu da muke zaune ƙarƙashin tudun dutse mun san ma'anar wannan: ruwa ba ya tsayawa ya shiga ƙasa, sai ya gangaro da ƙarfinsa, korama ta ci bakin gona, ta kwaso yashi ta shimfiɗa a fadamar da ake jira a dasa albasa. Wannan ba ƙorafin tsofaffi ba ne kawai. A 2017 Christopher Taylor da abokansa suka fitar da nazarin hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35, suka samu cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma suka danganta abin da yadda Sahara ke ƙara zafi. Ga kuma ƙa'idar da ba ta da gardama: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, takan iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Tulun ya ƙara girma, idan ya kife ɓarnarsa ta fi yawa.

Daminar 2024 ba ta yi nisa da za a manta ba. Mutane kusan 400 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ambaliya ta shafa. Tsohon masallacin Damagaram, da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya ga damina fiye da ɗari da hamsin, ya zube a farkon Satumba. An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. A wannan watan na Satumba madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri.

Ruwa dai ana iya cewa ya tafi ya dawo. Zafi fa? Shi ne abin da rubutunka bai tsaya a kansa ba, kuma shi ne bai zagayo ba. Tun da ya fara hawa bai sauko inda yake a zamanin iyayenmu ba, shekarar ruwa da shekarar fari duk ɗaya. Ranar 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masanan da suka bincika sun ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar da mutane suka haddasa ba. Mu ma mun ɗanɗana namu a wannan azumin: dare ba ya hucewa, tsoho ya kwana yana juyi a tabarma, jariri ya ƙi barci. Hatsi kuma yana jin abin da mutum ke ji. Benjamin Sultan da abokansa sun lissafa a 2019 cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar da ta riga ta auku ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, dawa kuma kashi 5 zuwa 15. Mayar da wannan cikin rumbu. Magidancin da ya kamata ya ɗaure dami ɗari ya tashi da tamanin ko tasa'in. Dammunan da suka ɓace su ne na watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, tiya ta yi tsada. Su ne ke sa saurayi ya bar gona ya tafi bida Libiya ko Abijan, ya bar mata da tsofaffi da hauya.

Akwai inda nake tare da kai, kuma ba zan ɓoye ba. Ba kowace ɓarna ce ta sauyin yanayi ba. Mun yi yawa: Nijar ba ta kai mutum miliyan huɗu ba a 1960, ƙidayar 2012 ta ba da fiye da miliyan 17. An daina barin gona ta huta, an sare daji, ƙasa ta zama faƙo, ruwa kaɗan ma sai ya yi gudu a kanta. An yi gini a hanyar ruwa da sanin masu ba da fili. Kuma akwai masu fakewa da kalmar sauyin yanayi don kada a tambaye su ina magudanar da aka ware wa kuɗi. Wannan ka faɗe shi, ka yi daidai. Sai dai gonar da ta riga ta gaji ita ce ƙarin zafi da ruwan dare ɗaya suka fi yi wa illa. Laifinmu na gida ya ƙara wa maganar nauyi ne.

Shaidanka mafi ƙarfi, koren Adar, shi na fi so mu tsaya a kansa. Wa ya tsirar da itacen? A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, tare da ƙungiyar CARE. A Keita an fara babban aiki a 1984, ana tsakiyar fari, da kuɗin Italiya da taimakon FAO da hukumar abinci ta duniya, kuma yawancin masu aikin mata ne, mazan sun tafi ci-rani. Su suka ɗauki dutse a ka, suka jera shi a gangare, suka haƙa ramuka a tudun da ko ƙaya ba ta fitowa. A Illela manoma sun je Yatenga ta Burkina a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka gyara tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, faƙo ya koma gona har aka fara cinikinsa. A Maraɗi da Damagaram manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa renon tohon gawo da kalgo a cikin gona, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo. Ruwan da ya dawo ya taimaka, babu musu, amma inda ba a sa hannu ba faƙon yana nan yana ƙyalli har gobe. To, Malam, idan matan Keita da dutse a ka sun sauya fuskar kwari cikin shekara ashirin, ta yaya za a ce mutum biliyan takwas, da injinansu da jiragensu da tashoshin wutarsu, shekara 150 suna ƙona abin da ƙasa ta binne, ba su isa su sauya iskar da ke kanmu ba? Ba zai yiwu ka yaba hannun ɗan adam a Keita ka raina shi a sama ba.

Ka kuma ce ruwa na Allah ne. Babu musulmin da zai ja da wannan, kuma mu ne masu fita roƙon ruwa idan sama ta ɗauke. Amma Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka sanar da shi shekarun yalwa da na tsanani da ke tafe, bai ce tunda juyi ne a zauna a jira ba. Sanin juyin ne ya sa ya tara abinci. Balle kuma abin da hannun mutane ya jawo, wanda za a tambaye su a kansa.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan gardama a matsayin hirar masu ilimi ba shi ne, kowane ra'ayi cikin biyun yana haifar da irin aikinsa. Wanda ya gaskata zagaye ne kawai zai gina kwalbati da gada da madatsa a kan awon ruwan da kakansa ya sani, ya ce babbar ambaliya sai bayan shekara hamsin, sai ta zo masa sau biyu cikin shekara goma. Zai riƙe irin hatsi mai daɗewa yana jiran daminar da ta dawo yadda take. Zai sake gina ɗakin ƙasa a inda ruwa ya cinye na bara. Wanda ya san ma'aunin ya gusa zai faɗaɗa magudana, ya nemi iri mai saurin nuna, ya tare ruwa tun daga kan tudu kafin ya zama korama, ya saurari hasashen damina na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kafin ya zuba irinsa, ya ƙidaya injinan da ke zuƙar kwari ɗaya.

Sannan akwai haƙƙi. Ɗan Nijar ɗaya yana fitar da wajen kashi ɗaya cikin goma na tan na wannan iska a shekara, ɗan Amurka kusan tan 14. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Shi ya sa ban ce Nijar ta rufe rijiyoyin man Agadem ko ta bar mutanenta cikin duhu ba, wanda bai ci tuwon ba ba shi ne zai fara wanke tukunya ba. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020, ba su cika ba sai 2022. A 2022 ɗin, a Sharm el-Sheikh ta Masar, aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, bayan shekara talatin ƙananan ƙasashe suna nema. Kuɗin da aka zuba a ciki kaɗan ne, kuma masu biya ba da son ransu suke biya ba. Ka san yadda ake shari'ar ɓarnar gona a gaban hakimi. Shanu sun shiga sun ci hatsi, an kama su, an zo ana ƙiyasta diyya. Sai wani daga dangin mai gona ya miƙe ya ce, ai dama fara takan ci gona, tsuntsu ma yakan ci, wannan ba wani abu ba ne. Mai shanu ba ya buƙatar ya ƙara cewa komai. Rubutunka, ko ba ka nufa ba, wannan aikin ya yi, kuma gonar tamu ce, ta mutanen Galma da Bangi da Sabon Gida da Urno.

Idan ka tashi ba ni amsa, Malam, ina roƙon ka fara da zafin. Ka faɗa mana wane zagaye ne ya ɗaga shi cikin shekarun nan, na rana ne ko na teku ko na layin duniya, wa ya auna shi, kuma a wace shekara manomin kwarin Tarka zai sa ran ya sauko.